Ai Wasa Ne, In Ji Baba Modu

Motar kamfani ta sauke mu a Sana'iya ta Biyu da azahar, rana tana tsakiyar kai. Can kudancin Riyad ne, unguwar masana'antu da manyan sito, babu bishiya ko ta magani, sai tirela da katanga. Dogayen gine-ginen nan masu walƙiya da ake turo mana hotonsu a waya, ban ga ko ɗaya ba. Na tsaya da jakata a ƙofar wani gini mai hawa biyu da suke kira sakan, masaukin ma'aikata ke nan, ina ta haɗiyar yawu don maƙogwarona ya bushe tun daga filin jirgi.

Wanda ya fara yi mini magana da Hausa shi ne Isuhu, wani Bazazzagi mai fara'a da ya daɗe a wurin. Ya karɓi jakata, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya nuna mini gadona na sama a ɗakin da muke mu shida. Sannan ya zaunar da ni ya karanta mini dokar wurin. Wata ukun farko na gwaji ne. In sun cika, mudir, wato manajan sito, zai tambayi shugaban leburorin Najeriya ko a riƙe ni ko a mayar da ni gida. In ya ce a riƙe, na zama ɗan gida. In ya girgiza kai kuwa, sai jirgi.

Na ce, "Wane ne shugaban?"

Ya ce, "Baba Modu. Mutumin Barno ne. Ba shi da matsala in ka iya zama da shi."

Da na ji an ce mutumin Barno, wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Ni Bafulatani ne daga wani ƙauye a gabashin ƙasar Kano, ko da yake Fillancin nawa bai wuce na gaisuwa ba. Kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne na kaka da kakanni. Ka gamu da Babarbare a tasha, ba ka taɓa ganinsa ba, ka kira shi bawanka, ya ce kai ne bawansa, ku zagi juna son ranku, ƙarshe ya sa a haɗa maka shayi. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Ko gaban alƙali kuka je dariya zai yi ya kore ku. Na ce a raina Allah ya yanke mini wahala, na zo ƙasar mutane na tarar da ɗan'uwa a kan kujera.

Mu a ƙauyenmu har makami na musamman muke da shi a wannan wasa. A zauren dagaci akwai wata tsohuwar ganga, fatar ta daɗe da cinyewa, saura icen. Kakana ya ce wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, zamanin da ake ta yaƙi tsakanin masu jihadi da daular Barno, rundunar Barno ta tsallako iyaka ta shigo ƙasar Kano da raƙuma da tantuna, suna cika baki sai sun yi sallar Juma'a a cikin birni. Suka ƙone garuruwa a hanya, suka shanye rijiyoyi har laka. Sai mutanen Bauchi suka kawo ɗauki, aka gwabza, Barebari suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Suka bar tukwane a kan murhu, suka bar tantuna, suka bar gangarsu. Ko haka aka yi daidai, ko kaka ya ƙara gishiri, ban sani ba. Na dai san duk Babarbaren da ya zo cin kasuwarmu sai an tambaye shi ko gangar ya zo karɓa, shi kuma ya rama da nasa.

Bayan magariba aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ajiye tiren kabsa, shinkafar nan tasu mai kaza. Nan na fara ganin Baba Modu. Dogo ne, busasshe, ya haura hamsin, da tsagen Barebari a kumatu da gemu fari-fari. Ban jira an gabatar da ni ba.

Na ce, "A'a! Ashe bawana ne ke mulki a nan? To madalla, ubangidanka ya iso."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Bafulatani ne? Shi ya sa tun daga ƙofa nake jin warin nono."

Aka ƙara fashewa. Har nan lafiya lau. Ni kuwa da na ga kasuwa ta buɗe sai na zazzage hajata duka. Na ba da labarin ganga, har da miƙewa ina kwatanta yadda ake gudu da babbar riga. Na rufe da cewa, "Ai ku Baba, gudu a jininku yake. In Babarbare ya ji ƙarar bindiga, ko ubansa ba ya tsayawa ɗauka."

Dariyar ta yi ƙasa. Isuhu ya sunkuyar da kai cikin tire. Baba Modu ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

Ya ce, "To ka ji namu. Kafin mu je muku, su wa suka fara zuwa? Kakanninka ne suka tsallako mana iyaka da tutoci, suka shiga Birnin Gazargamu, suka hau shimfiɗar sarki da kashin shanu a ƙafa. Ba su gama ɗumama wurin ba aka fatattake su, suna gudu suna harɗewa da wandunansu. Wannan ba a faɗa muku a zauren dagaci ba?"

Na ce ba a faɗa ba, gaskiya kuwa ban taɓa ji ba. Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba.

Ya ce, "Duk wanda ya tsallaka iyakar mutane da baki a buɗe, da gudu yake komawa. Za mu gani, Hamidu."

Na yi dariya tare da kowa, na ci shinkafata na ƙoshi. A tunanina wasa ya yi kyau.

Siton namu na tayil ne, irin wanda ake shimfiɗawa a ɗaki. Aiki iri biyu ne. Akwai na ciki, ƙarƙashin manyan fankoki, kana bin motar ɗaga kaya kana jera kwalaye. Akwai kuma na kontena, a waje, inda za ka shiga cikin akwatin ƙarfen da ya sha rana tun daga tashar jirgin ruwa, ka riƙa fito da kwalaye da hannu. Kwali ɗaya sai ka ɗaure ciki kafin ka ɗaga shi. Bangon kontenar ba ya taɓuwa, iskar ciki kuwa kamar ka leƙa tanderun gurasa. A al'ada juyawa ake yi, yau kai gobe wani. Ni ban ga juyi ba. Kowace safiya Baba Modu zai tsaya a bakin sito yana rabon aiki, in ya zo kaina sai ya ɗaga murya, "Bawana, kontena!" Kowa ya yi dariya.

Na nemi safar hannu, ya ce ta ƙare, wai hannun da ya saba da igiyar shanu me zai yi da safa. Na ga ana ba wasu sabuwa a gabana. In lokacin shan ruwa ya yi sai ya tuna da wani aike a can ƙarshen sito. In na zauna in ɗaure takalmi, sai ya ce a kawo wa ɗan nagge ciyawa ya gaji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan Bangaladash da muke aiki tare. Sun ji kullum ana ce mini bawana, suka ɗauka sunana ke nan. Mutum zai zo da fara'arsa, da zuciya ɗaya, ya ce, "Bawana, ta'al, shai," wato in zo in sha shayi. Ba ni da Larabcin da zan yi masa bayani, ba ni kuma da fuskar da zan yi masa fushi.

Da abin ya ishe ni na kai kuka wurin mutanen ɗakinmu. Wani Bakatsine a cikinsu ya dube ni kamar na faɗi saɓo.

Ya ce, "Haba Hamidu! Abokin wasanka ne fa. Ka taɓa jin Bafulatani ya yi fushi da Babarbare? Kada ka ba mu kunya. Rama kawai."

Na rama kuwa. Ya ce ɗan nagge, in ce mai tsage, a yi dariya. Amma shi in ya gama dariyarsa fanka yake komawa, ni in koma kontena. A nan na gane irin ramin da na faɗa. Da wani ne yake yi mini haka, da sunansa zalunci, da kowa ya gani. Tunda Babarbare ne, sunansa wasa, kuma wanda ya yi fushi a wasa shi ne marar tarbiyya.

Ran Juma'a ba aiki, ranar ce nake kiran gida. Inna za ta ce, "Hamidu, ana dai cin abinci?" In ce ana ci har ana bari. Matata Hajara ta karɓa ta ce muryata ta canza, in ce sanyin na'ura ne. Mahaifina kuwa ya riga ya gaya wa duk sahun gaba na masallaci cewa ɗansa yana Saudiyya. A garinmu akwai wani da ya tafi Libiya neman kuɗi ya dawo kafin kaka, yau shekara nawa, yana da jikoki, amma ba wanda ya san shi da wani suna sai Ɗanjuyi. Mutanen da suka ajiye gangar wasu shekara ɗari biyu don kawai su riƙa tuna musu gudu, kana ganin za su ƙyale ni? In na tuna haka sai in ji kontena ta fi mini sauƙi. Na yi kewar gida ƙwarai, har fura nake mafarki, amma komawar ce ba na so.

Wata Juma'a, a cikin wata na biyu, Isuhu ya ce in shirya mu je Dira in ga gari. Tsohon cikin birni ne, ga kasuwanni, ga ƙananan shaguna na turare da darduma, ga wani tsohon gidan yaƙi na jar ƙasa a tsaye a tsakiya. Da na ga ginin ƙasar nan sai zuciyata ta karye, don ya tuna mini da badalar birnin Kano. Muka zauna wurin wani mai shayi ɗan Yaman. Da zan karɓi kofi mai shayin ya ga tafin hannuna duk ya tsattsage, ya kama ya juya shi yana girgiza kai. Ya shiga ciki ya ɗauko wani ɗan gwangwanin man shafawa ya danƙa mini, ya ce, "Miskin, kullu yom," yana nuna mini in riƙa shafawa kullum. Tun da na zo ƙasar ba wanda ya dubi hannuna sai shi. Na kau da kai don kada ya ga idona.

A nan ne Isuhu ya gaya mini. Ya ce shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suke cin garuruwan Barno, sun shiga garin su Baba Modu da rana tsaka. Kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Baba Modu yana da ƙananan 'ya'ya, yana kuma da tsohon mahaifi da ƙafa ta daina ɗaukarsa. Ya goya tsohon har bayan gari, matarsa tana jan yaran, harbi yana matsowa. Tsohon ya rantse masa da Allah sai ya sauke shi ya ɗauki yara. Ya sauke shi a gindin wata bishiya da niyyar dawowa. Suka tsallaka iyaka a ƙafa. Da hanya ta buɗu ya dawo, ba tsoho, ba kabari, ba wanda ya ga abin da ya faru.

Isuhu ya ce, "Shi ba ya faɗa. Wani ɗan garinsu ne ya gaya mini. Kai kuma ka zo ranar farko ka ce ko ubansa ba ya tsayawa ɗauka."

Shayin ya fita raina. Na ce, "Don Allah me ya hana ka gaya mini tun farko?"

Ya ce, "Ka ba ni dama? Ko ruwan da na ba ka bai gama sauka ba ka hau mutum."

Washegari bayan la'asar na sami Baba Modu a matakalar sakan yana wanke hularsa a bokiti. Na durƙusa kamar yadda zan durƙusa wa mahaifina.

Na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Haƙurin me?"

"Maganar da na yi ranar da na zo. Wallahi ban sani ba."

Hannunsa ya tsaya cikin ruwa. Ya ce, "Ba ka san me ba?"

Ya dube ni, na ga ya gane an gaya mini, na kuma ga hakan ya fi maganar farko yi masa zafi. Sai kawai ya fashe da dariya, ya ɗaga murya yadda na sama da na ƙasa za su ji.

"Jama'a ku fito ku ga abin mamaki! Bafulatani ya durƙusa wa Babarbare! Tashi, bawana, tashi. Ai wasa ne. Ana ba da haƙuri a wasa?"

Mutane suka leƙo ta taga suna tafi. Na tashi ina kakkaɓe gwiwa, ina yaƙe. Ya ƙi karɓar haƙurina, ya kuma ƙi shi ta hanyar da ba wanda zai ce ya ƙi.

Daga ranar abin ya ƙaru. Da ana haɗa ni da mutum guda a kontena, sai ya janye shi. Ba zan yi ƙarya ba, tausayinsa ya ɗan kwana a zuciyata, amma zafin ƙarfen nan ya ƙone shi tas. Na ce to, na yi kuskure ban sani ba, na durƙusa, me kuma ake so? Ni na kore su daga garinsu? Na tsane shi. Na tsani tafiyarsa, na tsani yadda yake taunar goro, har tarin da yake yi da asuba na tsana. Muna cin abinci a tire ɗaya, muna sallah a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in an yi sallama ya ce ɗan nagge ya taka masa ƙafa, a yi dariya. Isuhu yana ta ba ni baki, wai in daure, saura kaɗan, mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce masa ni ne dutsen, ni ake dafawa.

A makon ƙarshe na gwajina zafi ya kai inda ya kai. Ran nan da hantsi mudir ya fito zagaye. Abu Fahad ake kiransa, Balaraben Saudiyya ne amma baƙi, ya ma fi ni duhu, mutum mai sanyin magana da ba ya shiga harkar kowa. Yana tafe Baba Modu yana gefensa. Daidai lokacin na fito daga kontena da kwali a ƙirji, gindin kwalin ya ɓalle. Tayil ya zube ya tarwatse, wani ɓangare ya yanke ni a ƙafa ta saman takalmi.

Ban ko duba ciwon ba, fuskar mudir nake kallo. Sai na ji Baba Modu yana ce masa da Larabci, "Hada ma yigdar." Zuwa lokacin na tsinci abin da ya isa in gane, cewa yake wannan ba zai iya ba. Sannan ya juyo gare ni da Hausa, da murmushin nan nasa.

"Fara haɗa kaya, bawana. Na gaya maka da gudu za ka koma."

Tura ta kai bango. Wata uku ina haɗiyewa, ran nan maƙogwaro ya ƙi. Na so in rama, na kuma so mudir ya ji da kunnensa cewa ni ba abin takawar kowa ba ne. Don haka ban rama da Hausa ba. Na tattaro ɗan Larabcin da nake da shi, na ɗauki kalmar da muke jifan juna da ita kullum, na juya ta. Na nuna Baba Modu da yatsa na daka tsawa.

"Uskut! Inta abdi! Abuka abdi!"

Wato yi mini shiru, kai bawana ne, ubanka ma bawana ne. A kasuwar garinmu wannan ko juyowa ba za a yi ba.

Mai motar ɗaga kaya ya kashe inji. Na ga fuskar Abu Fahad ta canza, kamar shi na mara. Isuhu ya iso da gudu ya damƙi hannuna, yana magana ƙasa-ƙasa, "Ka kashe kanka. A ƙasar nan da wannan kalmar ake cin mutuncin baƙar fata. Dubi wanda ka faɗa a gabansa!" Sai a lokacin na dubi mudir da kyau, na dubi launin hannunsa, na gane abin da na aikata.

Mudir ya ce mu biyo shi ofis, ni da Baba Modu, Isuhu kuma ya yi mini tafinta. Ofishin da sanyi kamar cikin randa, jini yana taruwa a takalmina. Abu Fahad bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya san wannan kalma tun yana yaro a makaranta, ya san nauyinta, kuma ba a faɗinta a sitonsa. Ya ce maganar ta wuce ta kora, in wanda aka zaga ya so, har wurin 'yan sanda za ta je.

Na ce wa Isuhu ya gaya masa al'ada ce. Na yi ta zuba, Fulani, Barebari, kakanni, tasha, shayi. Ina ji da kunnena yadda maganar take fita ba kai ba gindi. Mudir ya saurara har na gama, ya ce, "Mutum biyu, duka baƙaƙe, duka Musulmi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ku ce wasa?" Ya juya wurin Baba Modu, wanda yake kira Ammi, wato baffa.

"Ya Ammi Modu, kai ne babba, kai aka faɗa wa. Gaskiya ne abin da yake cewa? In ka ce zagi ne, na san abin da zan yi."

Ga ni, ga mutumin da ya yi wata uku yana neman hanyar da zai tura ni gida, an miƙa masa wuƙa da nama. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, gaskiya kawai zai faɗa, don ni na san ba da wasa na yi ba. Na tuna mahaifina a sahun gaba. Na so in roƙi Baba Modu da ido, zuciya ta hana. Na kafa idona a kan tebur ina jiran in ji.

Da Baba Modu ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, Isuhu yana juya mini.

"Gaskiya ne, wasa ne. Kakanninmu sun yi yaƙi. Nasa sun kai mana hari sun koma da kunya, namu sun kai musu sun koma da kunya. Da suka gaji sai suka mayar da abin dariya, don kada jikoki su ɗauka daga inda aka tsaya. Ni ma haka nake kiransa kullum, tambayi kowa."

Mudir ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya ce, "Aikinsa fa? Ɗazu ka ce ba zai iya ba."

Baba Modu ya ce, "Wannan ma wasa ne. Tun da ya zo yana kontena, ban taɓa ganin ya gudu ba. A riƙe shi."

Abu Fahad ya ce wasa ko ba wasa ba, in ya sake jin kalmar a bakin ɗayanmu, da kowane harshe, mu biyun za mu hau jirgi ɗaya. Ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya sa a kai ni a ɗaure mini ƙafa.

Da muka fito Isuhu ya yi gaba. Na bi Baba Modu ina ɗingishi, na ce, "Baba..."

Ya tsaya, bai juyo duka ba.

Ya ce, "A gaban Balarabe ba zan ƙaryata kakannina ba. Don su na faɗa, ba don kai ba. Amma ni da kai mun san abin da ka yi yau ba wasa ba ne. Na farko ba ka sani ba. Yau kana sane ka sa ubana a ciki." Sai ya juyo ya dube ni. "Nawa ma da nake yi maka ba wasa ba ne. To an gama. Daga yau babu wasa tsakanina da kai, Malam Hamidu."

Washegari a bakin sito ya ce, "Malam Hamidu, ina kwana? Ya ƙafar? Yau kana ciki." Ya miƙo mini sabuwar safar hannu. Ya tara 'yan Bangaladash ya gaya musu sunana na gaskiya, ya sa suka maimaita har suka iya. Aka sabunta mini ikama, takardar zama ke nan, na kira gida na gaya wa mahaifina, na ji yana ta hamdala. Kontena kuwa sai in layi ya zo kaina, kamar kowa.

Na samu abin da nake tsoron rasawa, ban kuma ji daɗin da na zata ba. Shekara biyu muka ƙara a ɗaki ɗaya, bai sake ɗaga mini murya ba, bai sake yi mini dariya ba. In ana cin abinci sai ya tura mini cinyar kaza gabana ya ce, "Bismillah, Malam," yadda ake yi wa baƙon da ake jira ya tafi. Daga baya aka kawo wani Bafulatani daga Adamawa, magidanci mai baki kamar reza. Ka ga Baba Modu da shi, suna zagin juna har tsohon yana share hawaye don dariya, ni ina zaune a tsakaninsu kamar an aiko ni. Sau ɗaya na gwada jefa baki. Ya juyo da ladabi ya ce, "Na'am, Malam? Magana kake?" Ban ƙara ba. Har yau in na tuna kontenar nan raina yana ɓaci, ban kuma ce na yafe ba. Amma ladabin nan ya fi ta ciwo, ita aƙalla da yamma ana fitowa.

Ranar da zai koma gida gaba ɗaya, muka fito ƙofar sakan rakiya, motar filin jirgi tana jira. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tsiyar da zai yi masa. Ya ce wa Isuhu Zazzagawa ba su iya dafa shinkafa ba. Ya ce wa na Adamawa ya bar masa gadonsa sadaka, tunda bawa ba ya gado. Aka yi ta dariya, wasu suna goge ido. Da ya zo kaina ya gyara tsayuwa, ya ba ni hannu biyu.

Ya ce, "Malam Hamidu, Allah ya saka da alheri. Allah ya sa a gama lafiya."

Na riƙe hannunsa ban saki ba, ina jira ya zage ni ko da sau ɗaya ne. Ya zare hannun a hankali, ya shiga mota.